Tarin Fuka a Ƙasar Gobir: Wa Zai Raka Mara Lafiya Wata Shida?



Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya, gwajin kaki ma kyauta ne, kuma an daɗe da yin wannan shela. Amma duk wanda ya san gabashin Sakkwato ya san abin da ke tsakanin mai tari da ke kwance a Gatawa ko Tsamaye ko Turba da wannan magani: ga nisan hanya, ga kuɗin kabu-kabu, ga fargabar abin da za a tarar a daji, ga kuma kunyar abin da maƙwabta za su ce. Sharhin yau ya tsaya ne a kan waɗanda za su iya kai maganin inda mara lafiya yake, wato ƙungiyoyin al'umma, manya da ƙanana, masu rajista da waɗanda ba su taɓa ganin takardar rajista ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya, kimanin miliyan 1.25 kuma suka rasu. Najeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu cutar, ita ce ta shida a duniya, inda kusan rabin miliyan ke kamuwa kowace shekara. An yi shekaru mafi yawan waɗannan mutane ba su shiga hannun ma'aikatan lafiya. A 2019 waɗanda aka gano aka sa a rajista wajen 120,000 ne. A 2021 suka haura 207,000, a 2022 suka kai 285,000, a 2023 suka wuce 360,000. Cutar ba ninkawa ta yi ba. Masu nemanta ne suka daina zaman jira a asibiti, suka shiga unguwanni da kasuwanni da shagunan kemis da gidajen yari, kuma da yawan waɗanda suka yi wannan tattaki ma'aikatan sa-kai ne da ƙungiyoyi suka horar. Har yanzu dai akwai sama da mutum 100,000 a shekara da ba a gano ba, kuma hankali ya ba da cewa kaso mai tsoka daga cikinsu yana wuraren da ma'aikacin lafiya ba ya iya takawa.

Ƙwayar cutar, wadda Robert Koch ya bayyana a Berlin ranar 24 ga Maris 1882, ta iska take bi. Mai ita ya yi tari ko atishawa a ɗakin da ba taga, wanda ke kusa ya shaƙa. Ba a ɗaukar ta ta kwano ko ludayi ko musabaha, kuma ba gadonta ake yi ba, duk da cewa takan bi gida ɗaya ta kwantar da mutum uku, abin da ke sa wasu su ce jifa ne ko sammu. Maganinta wata shida ne: wata biyu na farko da magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu na baya da guda biyu. Cikin 'yan makonni tari ya lafa, zazzaɓin dare ya tafi, abinci ya fara shiga, mutum ya ga ai ya warke. Nan ne hatsarin yake. Wanda ya ajiye magani a wata na biyu kamar manomi ne da ya yi noman fari ya ƙi maimai: ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, kuma in suka dawo, suna iya dawowa ba sa jin maganin farko.

To, a ɗora wannan a kan halin da ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suke ciki. Ranar 27 ga Mayu 2020 'yan bindiga suka kashe sama da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da ƙauyukan da ke kusa. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato. A Disamban wannan shekara aka ƙona matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Waɗannan su ne labaran da suka kai kunnen duniya. Abin da ba ya shiga labarai shi ne yadda rikicin ya shimfiɗa wa tarin fuka duk abin da yake so. Iyalan da suka baro ƙauyuka sun taru a cikin gari, a makarantu da kangaye da zaurukan dangi, mutum goma ko fiye a ɗakin da a da na mutum uku ne, an toshe kowace kafa saboda tsoro ko saboda sanyin hunturu. Gonaki da yawa sun kwana ba a noma ba, waɗanda aka noma kuma an biya harajin ɓarayin daji kafin a girbe. Yunwa tana sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da ƙwayar da ta daɗe tana kwance a jikin mutum. Ma'aikatan lafiya da dama sun bar ƙananan asibitocin karkara, kuma babu mai adalcin da zai zarge su. Mutumin da ya fara magani a watan Janairu ba shi da tabbacin garin da zai kwana a watan Afrilu.

A irin wannan wuri, tsarin da ya ce mara lafiya ya zo asibiti ya tarar da likita bai isa ba. Kuma an taɓa gwada wata hanya a arewacin Najeriya ta yi aiki.

A 2012 da 2013, shirin yaƙi da tarin fuka na jihar Adamawa, da tallafin wani shiri mai suna TB REACH, ya nufi makiyaya, mutanen da kowa ya ce ba sa zama wuri ɗaya balle a bi su da magani na wata shida. Masu shirin suka fara da arɗaɗɗa da shugabannin ruga, suka zaɓi 'yan sa-kai daga cikin makiyayan kansu suka horar da su, suka mayar da ranakun kasuwar dabbobi ranakun tambayar masu tari. Cikin shekara biyu an tantance makiyaya sama da 90,000, aka gano fiye da 1,300 ɗauke da ƙwayar cutar a kakinsu. Daga baya ƙungiyoyin gida irin su Janna Health Foundation a Adamawa da SUFABEL a Gombe suka kai irin wannan aiki sansanonin waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Abin lura shi ne, ba sabon magani aka kawo ba, ba kuma sabon asibiti aka gina ba. An dai sa aikin a hannun wanda mara lafiya ya sani da suna, ya kuma yarda ya sha ruwa a gidansa.

Ƙasar Gobir ba ta rasa irin waɗannan mutane ba. Ga 'yan agaji na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, waɗanda kusan kowane masallacin Juma'a ya san kayansu, kuma sun saba da ɗaukar marasa lafiya. Ga ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, da malaman Islamiyya mata da ke shiga gidajen kulle ba tare da an tambaye su me ya kawo su ba. Ga ungozomomi da wanzamai, waɗanda sukan riga kowa sanin gidan da ake ciwo. Ga kwamitocin raya mazaɓu da aka kafa don kula da ƙananan asibitoci. Ga kuma matan da suka yi shekaru suna bi gida-gida a yaƙin shan inna. Wannan yaƙin ya nuna abin da ƙasar nan za ta iya: bayan da sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na lafiya a 2009, da goyon bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni suka shiga gaba, ƙofofin da aka rufe suka buɗe, har aka wanke Afirka daga ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. Matan da suka san adadin yaran kowane gida za su iya sanin wanda ya wuce sati biyu yana tari.

Sai dai tarin fuka ya fi kama maza. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna yawansa a maza ya kai kusan ninki biyu na mata, kuma namiji magidanci shi ne ƙarshen zuwa asibiti, domin yinin da ya yi a layi yini ne da gidansa bai ci ba. Shi ba a gida za a same shi ba. Yana tasha, yana teburin mai shayi, yana majalisa, yana kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Saboda haka ƙungiyar direbobi da ta 'yan kabu-kabu da ta mahauta da ta 'yan kasuwar hatsi suna cikin wannan magana tsundum, ko da ba su taɓa ɗaukar kansu ƙungiyoyin lafiya ba. Haka alarammomi, waɗanda almajiransu ke kwana a zaure ɗaya.

Mai kemis kuwa maganarsa daban ce, don shi ne likitan farko na talaka. Mai tari zai sayi maganin tari na ruwa kwalba bayan kwalba, ya koma kan kafso, ya koma kan allura, wata uku su wuce, gidansa duka sun shaƙa. Shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ya gane haka, ya fara jawo masu kemis da ƙungiyarsu ta NAPPMED domin su riƙa tura masu tari gwaji. A garuruwan da asibiti ya rufe amma kemis yana buɗe, wannan ita ce ƙofa mafi kusa. Mai kemis ɗin da aka ba shi robar karɓar kaki da lambar jami'in tarin fuka na ƙaramar hukuma ya zama rabin asibiti. Ɗan kabu-kabun da ya san hanyar da ake bi da wadda ba a bi yau zai iya kai kakin cikin akwatin sanyi zuwa inda na'urar GeneXpert take, na'urar da ke ba da sakamako cikin kimanin sa'a biyu, har ta faɗi ko ƙwayar tana jin babban maganin ko ba ta ji. Mara lafiya bai hau hanya ba, kakinsa ne ya hau. Yaran da ba su iya fitar da kaki ma yanzu ana iya gwada kashinsu da wannan na'ura.

Akwai wani rukuni da ake jin nauyin ambatonsa, amma dole a ambace shi. Makiyayin da bai taɓa riƙe bindiga ba, wanda shi ma aka kwashe masa shanu, yau yana tsoron shiga gari kamar yadda ɗan gari ke tsoron shiga daji. Idan matarsa tana tari, ina za ta? Ƙwayar da aka bari a ruga za ta iso kasuwa, ga kuma nau'in cutar da ke jikin shanu wanda ke bin madarar da ba a tafasa ba. Duk ƙungiyar da ta ɗauki wannan aiki a Isa ko Sabon Birni ta bar arɗo a waje, ta bar ƙofa a buɗe.

Gano mai cuta somin-taɓi ne. Wata shidan nan su ne aikin. Tsarin ƙasa ya yarda a naɗa wa mara lafiya mai tsaya masa, ɗan'uwa ko maƙwabci ko ɗan agaji, wanda zai ga ya haɗiye maganin kullum ya sa alama a kati. Shi zai gaya masa tun ranar farko cewa fitsarinsa zai yi ja, aikin maganin ne, kada ya firgita. Shi zai lura in idanu suka yi rawaya ko amai ya yi yawa a garzaya asibiti. Shi zai tuna cewa mutanen gidan, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, suna bukatar a duba su a ba su maganin kariya. Shi ne kuma zai tsaya gaban surukar da ta ce a mayar da yarinya gidan ubanta, ya bayyana mata cewa wanda ya ɗauki makonni yana shan magani daidai, haɗarin ya yaɗa cutar ya ragu ƙwarai. Liman da ya faɗi wannan a huɗuba ya sauƙaƙa wa ɗan agaji rabin aikinsa, haka malamin da ya yi wa mai magani bayanin rangwamen da addini ya yi wa mara lafiya a watan azumi.

Sai abinci. Masu shan maganin nan sukan ce yana sa yunwa, kuma gaskiyarsu ce, jiki ne ke neman mayar da abin da ya rasa. Wani binciken ƙasa a 2017 ya gano cewa kashi 71 cikin 100 na gidajen masu tarin fuka a Najeriya sukan kashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke samu a shekara saboda cutar, duk da maganin kyauta ne: kuɗin mota, kuɗin kemis na kafin a gano ta, da aikin da aka daina. A jihar Jharkhand ta Indiya an yi wani gwaji da aka wallafa a 2023, inda aka riƙa ba mutanen gidan mai tarin fuka shinkafa kilo 5 da wani nau'in wake kilo ɗaya da rabi kowane wata. Yawan waɗanda suka kamu a cikinsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Babu allurar da ta yi wannan, hatsi ne. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma zakkar gero da dawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gobir. Magidancin da ciwo ya kwantar wata shida miskini ne a kowace ma'auna. Idan kwamitocin zakka suka zauna da jami'in tarin fuka, aka ware wa kowane gida da ke kan magani tiyoyin gero da wake duk wata, cikin sirri da mutunci, to an yi ibada an kuma yi rigakafi da buhu ɗaya.

Iyakar Nijar ma tana da tata matsalar. Bayan faɗuwar Alkalawa, birnin Gobir, a 1808, Gobirawa sun rabu, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, har yau kuma gida ɗaya ne a ƙasa biyu. Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, suka sauka a yankin Gidan Rumji, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Wanda ya fara magani a Sabon Birni ya gudu can, in ba da katinsa a aljihu ba, ma'aikacin Nijar ba zai san watan da ya tsaya ba. Dangantakar gwamnatocin biyu ta yi tsami bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, iyaka ta rufe watanni, amma dangi ba su daina zumunci ba, sarakunan Gobir na nan da na can ba su daina gaisawa ba. Ta wannan zumunci ne za a iya bin sawun mara lafiya. Nijar ɗin kuwa tana da abin koyarwa: ƙungiyar Action Damien, tare da ma'aikatar lafiyar ƙasar, ta fara ba da gajeren magani na tarin fuka mai taurin kai tun 2008, lokacin da duniya ke ba da na wata ashirin, ta warkar da kusan tara cikin goma na rukunin farko. Sakamako irin wannan yana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren tsari a 2016. Yau akwai na wata shida, na haɗiya zalla, babu allura.

Aikin ƙungiyoyi bai tsaya ga ɗaukar kaya ba, akwai buɗe baki. Phumeza Tisile ta Afirka ta Kudu da Nandita Venkatesan ta Indiya, dukansu sun rasa jinsu sanadin tsofaffin allurai na tarin fuka, suka ƙalubalanci yunƙurin kamfanin Johnson & Johnson na tsawaita mallakar maganin bedaquiline, kuma a Maris 2023 ofishin da ke kula da haƙƙin mallaka a Indiya ya ƙi amincewa da buƙatar kamfanin. A Satumban wannan shekara, bayan matsin lamba daga Likitocin Na-gari Na-kowa da wasu ƙungiyoyi, kamfanin da ke ƙera GeneXpert ya rage farashin kowane gwaji daga dala 9.98 zuwa 7.97. Kowane mai tari a Isa da aka gwada da wannan na'ura ya ci moriyar mutanen da bai taɓa jin sunansu ba. A gida akwai TB Network, gamayyar ƙungiyoyin da ke sa ido kan yadda ake kula da masu cutar. Sa idon nan a matakin mazaɓa abu ne mai sauƙin faɗa: shin magani ya yanke? Shin an karɓi kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne? Kwana nawa sakamako ke yi kafin ya dawo?

Tambayar kuɗi ta fi kowace zafi. An yi shekaru kusan kashi 70 cikin 100 na abin da shirin tarin fuka na Najeriya ke bukata ba ya samuwa, abin da ake samu kuma mafi yawansa daga waje yake, daga Global Fund da Amurka. Da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare a Janairun 2025, ma'aikatan sa-kai da masu jigilar kaki suna cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu a ƙasashe da dama. Ƙungiyoyin waje sun yi wa Sakkwato hidima tun zamanin asibitin kutare na Amanawa har zuwa aikin The Leprosy Mission, kuma sun cancanci godiya, amma ba za su ɗauke wa gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi nauyinsu ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai-tsaye. Ƙungiyoyin Sabon Birni da Isa suna da damar tambayar nawa aka ware wa man babur ɗin jami'in tarin fuka, nawa kuma aka ware wa 'yan sa-kai. Ba adalci ba ne a tura matar da ita ma gudun hijira take yi ta bi gidaje ashirin a yini a sallame ta da “Allah ya saka da alheri” kaɗai, ba kuma adalci ba ne a tura matashi hanyar da jami'in tsaro ba ya bi sai da rakiya. Wanda ke zaune a garin shi ya kamata a horar, a ba shi takunkumin rufe hanci, a bar masa maganin da zai isa ko hanya ta toshe, a kuma biya shi haƙƙinsa a kan lokaci.

Duk wata uku jami'in tarin fuka na ƙaramar hukuma yakan haɗa alƙaluma ya aika Sakkwato, kuma a cikinsu akwai adadin waɗanda suka fara magani aka daina ganinsu. Kwamitin mazaɓa da uban ƙasa da shugaban 'yan agaji za su iya neman zama da shi a lokacin, ba don a karanta sunan kowa a bainar jama'a ba, sai don a san ƙauyukan da mutane suka fi ɓacewa. Daga nan a nemi amintacce ɗaya, da yardar iyalin mara lafiya, wanda ya san ko Goronyo suka koma, ko Sakkwato, ko Gidan Rumji, ya kai masa katinsa da sunan asibitin da zai ci gaba da karɓar magani kafin sati biyu su wuce.